Rod Serling: Marubucin Da Ya Ɓoye Gaskiya A Cikin Tatsuniya

 Bisa al'adar wannan fili na kawo tarihin mashahuran mutane, na ga ya kyautu in ɗauko rayuwar wani marubuci kuma mai tsara wasannin talabijin da fim na ƙasar Amurka, watau marigayi Rod Serling. Dalilaina biyu ne. Na farko, mutum ne da aka sha toshe masa baki, amma ya nemo dabarar faɗin abin da ke ransa. Na biyu kuwa, duk da ɗaukakar da ya samu, bai manta da malamar da ta fara gano baiwarsa ba, kuma wannan magana ce da ta shafi kowane ɗayanmu.

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Rodman Edward Serling ran 25 ga watan Disamba, 1924, a garin Syracuse cikin Jihar Niyok. Iyayensa Yahudawa ne masu matsakaicin hali. Mahaifinsa, Samuel, mai kantin kayan abinci ne, daga baya da tattalin arzikin Amurka ya karye ya koma sana'ar fawa. A 1926 iyalin suka ƙaura zuwa Binghamton, kuma a nan ne yaron ya tashi tare da wansa Robert, wanda shi ma ya zama marubuci.

Tun yana ƙarami Rod ya kasance mai surutu ƙwarai, mai son kwaikwayon abin da ya gani a sinima ko ya karanta a mujallu, har mahaifinsa ya kafa masa wani ɗan dandali a cikin gida. A makaranta kuwa yawancin malamai sun ɗauke shi sarkin barkwanci ne kawai wanda ba zai tsinana kome ba. Malamarsu ta Turanci, Helen Foley, ita ce ta ga abin da sauran ba su gani ba. Maimakon ta yi ta ƙoƙarin rufe masa baki, sai ta tura shi ƙungiyar muhawara da koyon jawabi a gaban jama'a. Da ya shiga babbar sakandare ya riƙa rubutu a jaridar makaranta, inda aka san shi da zafin alƙalami. Duk wanda ya taɓa zama ɗan ƙungiyar muhawara ko ta wasan kwaikwayo a zamaninmu ya san yadda kalma ɗaya ta ƙarfafa gwiwa daga bakin malami ke iya juya rayuwar yaro.

Yaƙi

Ya gama sakandare a watan Janairu, 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, kuma washegarin bikin yaye su ya shiga soja. Ko da yake gajere ne, ya dage sai da aka ɗauke shi cikin sojojin laima, a runduna ta 511. A lokacin horo ya yi dambe a ajin marasa nauyi, har aka karya masa hanci. Burinsa shi ne a tura shi Turai ya yaƙi Hitila, amma a 1944 sai aka tura rundunarsu yankin tekun Fasifik, inda suka gwabza da sojojin Jafan a tsibirin Leyte da birnin Manila na ƙasar Filifin.

Abin da ya gani a can bai taɓa barinsa ba. A Leyte, a kan idonsa wani akwatin abinci da jirginsu ya jefo daga sama ya faɗo wa wani abokinsa ya kashe shi nan take, watau abincin da aka aiko don ceton rai shi ya zama ajali. Shi kansa ya ji rauni a gwiwa da wuyan hannu, aka ba shi lambobin yabo. Mahaifinsa ya rasu a 1945 yana can bakin aiki. Aka sallame shi a 1946, ya dawo gida da ciwon gwiwa da munanan mafarkai waɗanda suka bi shi har ƙarshen ransa. A ganina, wanda bai san wannan ɓangare na rayuwarsa ba ba zai fahimci dalilin da ya sa mutuwar farat ɗaya da juyin ƙaddara suka cika labaransa ba.

Daga rediyo zuwa talabijin

Da tallafin karatun da gwamnati ke ba tsofaffin sojoji ya shiga Kwalejin Antioch a Jihar Ohio. Ya fara da nazarin wasannin motsa jiki, sa'an nan ya koma harshe da adabi, ya riƙa rubuta wasanni a gidan rediyon kwalejin. A nan ya sadu da Carol Kramer, suka yi aure a 1948, daga baya suka haifi 'ya'ya mata biyu. Don neman na cefane har gwajin laimar sauka daga jirgi ya yi wa sojojin sama, aikin da ke iya cin ran mutum. A 1949 wani wasansa ya ci kyauta a gasar rubutun wani shirin rediyo, a 1950 kuma ya sami digiri, ya kama aiki a gidan rediyon WLW na birnin Cincinnati.

Da rana yana rubuta tallace-tallace da sanarwa, da dare kuma ya zauna rubuta wasanninsa yana aikawa tashoshi, ana dawo masa da su. An ƙi karɓar rubutunsa har sau arba'in. Mahaƙurci mawadaci, a hankali aka fara saye, ya bar aikin albashi, ya koma kusa da birnin Niyok inda manyan tashoshi suke. A wancan zamani ana nuna wasannin talabijin kai tsaye ne, kamar wasan dandali, in an yi kuskure duk ƙasa ta gani.

Ran 12 ga Janairu, 1955, aka nuna wasansa mai suna Patterns. Labarin wani shugaban kamfani ne marar tausayi wanda ya ɗauko wani matashi don ya maye gurbin tsohon mataimakinsa. Maimakon ya sallami dattijon, sai ya riƙa wulaƙanta shi a gaban taro don ya gaji ya tafi da kansa, har zuciyarsa ta buga ya mutu. Matashin kuwa, duk da ya tsani abin da aka yi, a ƙarshe ya karɓi kujerar. Mu da muke zaman ofis ba ma bukatar a yi mana sharhin wannan labari. Wasan ya girgiza jama'a har aka sake tara 'yan wasan suka maimaita shi bayan wata guda, abin da ba a saba yi ba, kuma ya jawo wa Serling lambar Emmy, wadda ita ce babbar lambar yabo ta talabijin a Amurka. A 1956 ya biyo da Requiem for a Heavyweight, labarin ɗan damben da likita ya hana shi sake shiga fage, ubangidansa kuma ya nemi ya mai da shi abin dariya don ya biya bashin caca. Shi ma ya ci lambar, haka kuma The Comedian na 1957. Kafin rasuwarsa ya tara lambobin Emmy shida.

Karo da masu talla

A nan ne kuma matsalarsa ta fara. A Amurka ta wancan lokaci, kamfanonin kasuwanci ne ke biyan kuɗin shirye-shirye don a tallata kayansu, saboda haka su ke da ta cewa a kan abin da za a nuna. Wani lokaci katsalandan ɗin ma abin dariya ne. A wasan ɗan damben nan an cire wurin da wani ya roƙi ashana, don kamfanin da ya ɗauki nauyin shirin laita yake sayarwa. Amma wani lokacin abin ya wuce dariya.

A watan Agusta, 1955, wasu Turawa a Jihar Mississippi suka sace wani yaro baƙar fata ɗan shekara 14 mai suna Emmett Till, suka yi masa kisan gilla suka jefa gawarsa a kogi, bisa zargin ya yi wa wata Baturiya rashin kunya. Aka gurfanar da mutum biyu, masu taimaka wa alƙali yanke hukunci, waɗanda dukansu farar fata ne, suka wanke su. Bayan 'yan watanni mutanen suka amsa laifinsu a wata mujalla, don sun san doka ta hana a sake yi musu shari'a a kan laifi ɗaya.

Abin ya ƙona wa Serling rai, ya rubuta wasa a kai mai suna Noon on Doomsday. Da labari ya fita, ƙungiyoyin masu wariyar launin fata na kudancin ƙasar suka yi ta aiko da wasiƙun barazanar ƙaurace wa kamfanin ƙarafa na U.S. Steel, mai ɗaukar nauyin shirin. Kafin a nuna shi a 1956 an ɗauke labarin daga kudu an kai shi arewa maso gabas, an mai da wanda aka kashe wani baƙo da ba a faɗi asalinsa ba, har kwalaben Coca-Cola an kwashe daga dandalin don kada su tuna wa mai kallo da kudu. Ya sake gwadawa a 1958 da A Town Has Turned to Dust, nan ma aka mai da labarin baya zuwa shekarun 1870, aka mai da yaron ɗan Meziko. Sau biyu ke nan ana zare wa rubutunsa laka.

Ƙofar tatsuniya

Darasin da ya ɗauka shi ne wanda kakanninmu suka daɗe da sani. Abin da ba a iya faɗa wa mai iko a fuska, a kan sa shi a bakin Gizo ko Kura, kowa ya yi dariya, amma wanda aka yi domin shi ya gane. Serling ya lura cewa maganar da za a hana sanata ko alƙali faɗa a cikin wasa, in aka sa ta a bakin wata halitta daga wata duniya, masu talla ba za su ko ɗaga kai ba.

Bayan wani labarinsa na gwaji ya sami karɓuwa a 1958, tashar CBS ta ba shi dama, kuma ran 2 ga Oktoba, 1959, aka fara nuna The Twilight Zone. Sunan yana nuni ne ga wani yanki mai kama da almuru, tsakanin haske da duhu, tsakanin abin da aka sani da abin da ake tsoro. Wannan karon ya yi wa kansa shiri. Ya kafa kamfaninsa, Cayuga Productions, ya zama shi ne babban mai tsara shirin, yana da hannun jari a ciki, kuma shi ke gabatar da kowane labari da muryarsa. Mutane da yawa sun ɗauka ya zubar da girmansa ya koma tatsuniyar yara, shi ma a wata hira da ɗan jarida Mike Wallace a 1959 ya nuna cewa ya gaji da faɗa da masu talla. Ashe hannunka-mai-sanda yake shirin yi wa ƙasa baki ɗaya.

Bari in kawo misalai kaɗan. A labarin The Monsters Are Due on Maple Street na 1960, wuta ta ɗauke a wata unguwa mai zaman lafiya, motoci suka ƙi tashi. Wani yaro ya ce ai baƙi ne daga sama, kuma sun riga sun sa ɗan leƙen asirinsu a cikin unguwar. Nan da nan maƙwabta suka fara zargin juna: wannan me ya sa ba ya barci da dare, wancan me yake yi da rediyo a ɗakinsa. Kafin gari ya waye sun harbe ɗaya daga cikinsu, unguwa ta kaure. A ƙarshe sai aka nuno baƙin a kan tudu, ba abin da suka yi illa kunna wuta da kashewa, sauran aikin mutane suka yi wa kansu. Duk Ba'amurken da ya ga zamanin Sanata Joseph McCarthy, lokacin da zargin kwaminisanci kawai ke raba mutum da aikinsa, ya san inda aka dosa. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Ina ganin kuma duk al'ummar da jita-jita ta taɓa haɗa maƙwabci da maƙwabci faɗa za ta ga fuskarta a wannan madubi.

A Eye of the Beholder, wata mata tana kwance a asibiti fuskarta a naɗe, an yi mata aiki karo na goma sha ɗaya don a gyara muninta. Da aka kwance bandeji sai ga kyakkyawa, amma likitoci suka ja da baya cikin ƙyama, sa'an nan aka nuno fuskokinsu, duk a murguɗe. A ƙasarsu hakan ne kyau, kuma shugabansu ba ya yarda da wanda ya bambanta. Maganar wariyar da aka hana shi yi ke nan, ta shigo ta bayan gida. A 1961, shekarar da aka yi wa Adolf Eichmann shari'a, ya rubuta Deaths-Head Revisited, inda wani tsohon hafsan Nazi ya koma sansanin Dachau yawon tuna baya, fatalwowin waɗanda ya azabtar suka yi masa shari'a. A The Big Tall Wish na 1960 kuwa ya ba baƙaƙen fata manyan matsayi a wasan, abin da ba kasafai ake gani ba a lokacin.

Ladan malami

Akwai labarai uku da nake so malamanmu da 'yan'uwa su lura da su. A Walking Distance, wani ma'aikaci ɗan shekara 36 da aiki ya gajiyar ya taka zuwa garinsu, sai ya tarar da shi yadda ya bar shi yana yaro, iyayensa da rai. Mahaifinsa ne ya lallashe shi ya koma zamaninsa, ya nemi daɗin rayuwa a gabansa maimakon bayansa. A Nightmare as a Child kuwa, Serling ya raɗa wa tauraruwar labarin, wadda malamar makaranta ce, sunan Helen Foley.

Na uku shi ne The Changing of the Guard na 1962. Wani dattijon malamin adabi ya shekara 51 yana koyarwa a makarantar maza, sai hukumar makarantar ta yi masa ritayar dole. Ya duba baya ya ga kamar bai bar kome ba, har ya yi niyyar hallaka kansa. Da ya shiga ajinsa da dare sai ga tsofaffin ɗalibansa da suka riga mu gidan gaskiya, wani ya mutu a fagen fama, wani wurin ceton abokan aikinsa, wani wurin binciken magani. Kowanne ya gaya masa darasin da ya koya a wannan aji wanda ya ba shi ƙarfin zuciya. Dattijon ya koma gida ya karɓi ritayarsa da kwanciyar rai. Abin da na fahimta shi ne, malami ba ya ganin girbin abin da ya shuka sai in ɗaliban sun dawo sun faɗa masa, kuma bai kamata a jira sai an zama fatalwa ba. A wannan shekarar ce Serling da kansa ya koma Antioch ya koyar na ɗan lokaci.

Fina-finai da shekarun ƙarshe

Shirin ya yi shekara biyar, aka tsai da shi a 1964 bayan labarai 156, waɗanda Serling ya rubuta 92 daga ciki. Sauran kuwa marubuta irin su Charles Beaumont da Richard Matheson ne suka rubuta. Yakan yi aikin sa'a goma sha biyu ko fiye a rana, yana faɗar labari a na'urar ɗaukar magana sakatariya na bugawa. Da aka tsai da shirin ya sayar wa CBS da nasa kason, bisa zaton ba zai ƙara kawo riba ba. Da-na-sani ƙeya ce: tashar ta yi ta maimaita shi shekara da shekaru tana kwasar kuɗi.

A fagen fim, shi ya rubuta Seven Days in May na 1964, labarin wani janar da ya ƙulla juyin mulki don shugaban Amurka ya sa hannu a yarjejeniyar rage makamai da Tarayyar Sobiyat. Ga Amurkawa ƙage ne mai ban tsoro, mu kuwa a Nijeriya shekara biyu bayan haka muka ga na zahiri. Shi da Michael Wilson ne suka rubuta Planet of the Apes na 1968, daga littafin Bafaranshe Pierre Boulle, inda ɗan sama-jannati ya faɗa duniyar da birai ke mulkin mutane, a ƙarshe ya ga Mutum-mutumin 'Yanci na Niyok a binne cikin rairayi, ya gane ashe duniyarmu ce bayan 'yan Adam sun hallaka ta. A 1972 ya rubuta The Man, a kan baƙar fata na farko da ya zama shugaban Amurka, shekara 36 kafin zaɓen Barack Obama.

Sai dai ba duka ne ya yi daɗi ba. Wasansa The Doomsday Flight na 1966, a kan bam a cikin jirgin sama, ya sa wasu suka riƙa buga wa kamfanonin jirage wayar barazanar ƙarya, abin da ya yi nadamarsa ƙwarai. A wani shirinsa, Night Gallery, wanda aka fara a 1969 kuma matashi Steven Spielberg ya ba da umarni a wani sashe na fitowar farko, Serling bai nemi ikon tsarawa ba, sai ya wayi gari ana amfani da sunansa da fuskarsa ana ƙin rubutunsa. Bugu da ƙari, mutumin da ya yi suna wajen faɗa da masu talla ya zama mai tallata kayayyaki da kansa, har da taba. Tarihi na gaskiya dole ya faɗi wannan. Duk da haka bai daina magana ba: ya yi ta zagaya jami'o'i yana sukar wariyar launin fata da yaƙin Biyetnam, yana kuma koyar da rubutu a Kwalejin Ithaca.

Taba ce ta ci ƙarfinsa, don yakan sha kwali uku zuwa huɗu a rana. A watan Mayu, 1975, ciwon zuciya ya kama shi, aka yi masa tiyata a wani asibiti a Rochester, ya rasu ran 28 ga Yuni, 1975, yana da shekara 50. An binne shi a Interlaken, kusa da tafkin Cayuga. Dutsen kabarinsa irin na tsofaffin sojoji ne, sunansa da muƙaminsa na soja da shekarunsa kawai ke jiki.

An sake farfaɗo da The Twilight Zone a fim a 1983, a talabijin kuma a 1985 da 2002 da 2019. A tsohuwar makarantarsu ta Binghamton an sa wa sashen koyar da fasaha sunansa, zauren wasan kwaikwayon makarantar kuma aka sa masa sunan Helen Foley. Ɗalibi da malamarsa ke nan a ƙarƙashin rufi ɗaya.

Daga ƙarshe, ina kira ga ƙungiyarmu da ta waiwayi ƙungiyoyin muhawara da wasan kwaikwayo na makarantarmu, ta tallafa musu da littattafai da kyaututtuka, don ba mu san wane mai surutu ne a bayan aji ke jiran a tura shi gaba ba. Malamanmu da ke raye kuma mu ziyarce su, mu gaya musu abin da suka yi mana tun suna iya ji. Allah ya saka musu da alheri, waɗanda suka rasu kuma Allah ya ji ƙansu, amin.